Mashin Ne Ko Mahayi? Tarihin Gardamar Da Ta Girme Mu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda suka ce data ba ta kai su sauraro, da masu cewa sun fi gane karatu. Na ɗan gyara wasu wurare, amma galibi yadda na faɗa haka aka buga.

Abin da ya jawo maganar yau, kwanakin baya na kai mashin ɗina rumfar wani bakanike a Funtua a canza mani sarƙa. Ina zaune kan benci sai gardama ta kaure tsakanin yaran shagon da wasu 'yan acaba da suka zo shan inuwa. Wani ne ya kunna bidiyon tseren babura na Turai a waya, ana ganin mutum ya kwanta a kwana har gwiwar hannunsa na gogar kwalta. Ɗaya ya ce, "Wallahi wannan ba gwaninta ba ce, mashin ne. Ku ba ni irinsa ku gani." Wani ya ce mashi, "Kai da ko roba-roba sai ta kayar da kai a yashi? A ba ka wannan ai sai dai a kwaso ka da shebur." Kafin ka ce kwabo an bar Turai an dawo gida, an koma kan wasu yara biyu da suka yi tsere ranar wani ɗaurin aure a hanyar Bakori, wa ya riga wani, kuma me ya sa. Masu cewa hannu ne suna gefe, masu cewa sabon fistin ne suna gefe. Ogan shagon dai bai ce uffan ba, yana ta ɗaure noti.

Na dawo gida ina tunanin abin. Mun ɗauka wannan gardamar tamu ce, ta zamanin TikTok. Alhali ta girme mu, ta girmi iyayenmu ma.

Mu fara da gida. Funtua gari ne da hanya ta yi. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta nan ya wuce Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi ya kwasa. Daga baya kwalta ta zo ta mayar da garin mararraba: nan ka yi Zariya, nan ka yi Gusau da Sakkwato, nan ka bi Bakori ka faɗa Malumfashi, nan ka bi Dandume ka nufi Birnin Gwari. Garin da yake haka dole ya girmama matuƙi. Ba banza ba Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zaman Funtua shekara da shekaru, ya yi wa direbobi waƙa kamar yadda ya yi wa sarakuna. Kuma kafin mota akwai doki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ko hawan sallah ya san ana wannan musun: dokin ne mai kyau ko mahayin ne ya iya? Wato tambayar tana nan tun tuni, abin hawan ne kawai ya canza.

Babur bai shigo ƙasar nan don tsere ba, ya shigo ne a matsayin alamar ma'aikaci. Lokacin mulkin Gowon an kafa kwamitin duba albashi ƙarƙashin Jerome Udoji, a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da ariyas. Ku tambayi duk wani dattijo me aka yi da kuɗin Udoji, zai lissafa maku rediyo, da keke, da aure, da babur. Malamin makaranta ya hau Vespa, akawu ya hau Honda. A daidai wannan lokacin kuma aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya, sauran biyun suna Gusau da Gombe. Shirin ya game Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, lokacin duk muna ƙarƙashin Kaduna, don sai 1987 aka yanke jihar Katsina. An fasa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri, an baza malaman gona.

Kawuna yana cikin waɗannan malaman gona. Na je na same shi takanas saboda wannan shirin. Na ce, "Kawu, a zamaninku wa ake kira gwanin babur?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wanda ya je ya dawo." Ya ce a wancan lokacin idan ka shiga ƙauye da babur yara sai su biyo ka da gudu har gidan mai gari. Gwani shi ne wanda zai ratsa rafi da damina ruwa bai shiga injin ba, wanda zai bi laka bai sauke ƙafa ba, wanda idan fulogi ya mutu a daji zai kwance ya goge ya tayar. Ya ce gudu kuwa, "wa zai yi gudu da abin da ake cire mashi kuɗinsa a albashi duk wata?"

To ku riƙe wannan, mu leƙa waje mu dawo, don babur ɗin da Kawu ya hau yana da nasa tarihin, kuma a filin tsere aka rubuta shi.

Akwai wani ɗan tsibiri tsakanin Ingila da Ayalan da ake kira Isle of Man. A farkon ƙarni na 20 dokar Birtaniya ta hana tsere a kan titin jama'a, ta kuma ƙayyade gudu kada ya wuce mil 20 a awa. Shi wannan tsibirin yana da majalisarsa, sai ya yi dokar da ta ba da damar a rufe hanya a yi tsere. A 1907 aka fara gasar babura da ake kira TT, har gobe kuma ana yin ta. Zagaye ɗaya ya kai kilomita 60, ta cikin ƙauyuka, gefen katangun gidaje da turakun lantarki, a hau dutse a gangaro. A 2023 Peter Hickman ya zagaye shi da matsakaicin gudu na mil 136 a awa, wato kusan kilomita 219. Matsakaici fa na ce, har da kwanoni. Kuma mutanen da suka mutu a wannan hanyar tun da aka fara sun haura 250. A 2022 har uba da ɗansa suka rasu tare a kan babur mai akwatin gefe.

A wannan tsibirin ne Japan ta yi suna. Soichiro Honda ya yi shela a 1954 cewa kamfaninsa zai shiga gasar, Turawa na ganin abin dariya ne. A 1959 suka je, a 1961 suka ci rukuni biyu da wani Bature mai suna Mike Hailwood. Labarin Suzuki ma ya fi daɗi. A Jamus ta Gabas akwai wani injiniya, Walter Kaaden, wanda ya gano yadda za a ƙera salansa ta riƙa taimaka wa ƙaramin inji mai shan gauraye, wato mai haɗa fetur da baƙin mai, ya ba da ƙarfin da ya fi girmansa. Mahayinsa, Ernst Degner, ya tsere zuwa Yamma a 1961 da sirrin a kansa, ya koma Suzuki, a 1962 ya ci masu kambun duniya na ƙananan babura. Kun ga nan, mahayi ne ya ci ko injiniya? Irin wannan injin mai shan gauraye shi ne a cikin Suzuki da iyayenmu suka hau, shi ne kuma a cikin Jincheng ɗin da muka taso muka gani tana tafe tana hayaƙi. Duk yaron da ya taɓa fasa salansa don mashin ya yi ƙara, ya sani cewa abin da ya lalata ɗin wani ya ƙare rayuwarsa wajen auna shi.

Tseren duniya ma ya taɓa ratsowa ta maƙwabtanmu. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, da aka ceto shi sai ya ce wannan wuri ya dace da gasa. Ranar 26 ga Disamba 1978 aka tashi daga Faris, aka bi ta Aljeriya aka shigo Nijar, ta Agadas da Yamai, aka wuce Mali aka ƙare a Dakar a Janairun 1979. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan Yamaha ya yi, ya riga motoci. Shekaru da dama 'yan'uwanmu na Agadas suna ganin wucewarsu. Abin da ya kore ta daga Afirka shi ne abin da ke damunmu yau: a 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi.

Mu dawo gida. Abin da ya sauko da babur daga hannun ma'aikaci zuwa hannun talaka ba arziki ba ne, talauci ne. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, mota ta gagari mutane, masaƙu da kamfanoni suka fara rage ma'aikata. Mai babur ya ga idan ya tashi aiki zai iya ɗaukar mutum biyu uku ya samu na cefane. Haka acaba ta fara, wasu wurare a ce kabu-kabu. Sai kuma China ta shigo da nata masu araha, Jincheng da Lifan da sauransu, 'yan siyasa suka mayar da rabon babura abin kamfe bayan 1999. Daga baya Indiya ta kawo Bajaj Boxer, nan fa labari ya canza a ƙauye. Boxer ba ta da wani kyau, ba ta da gudun a zo a gani, injinta siisii 100 ne. Amma ba ta shan mai, sit ɗinta dogo ne, kuma tana da haƙuri kamar jaki. Ita ce ke fito da masara daga gona zuwa bakin titi, ita ke kai tumatirin Danja inda mota za ta ɗauka, ita ke kai taki, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ku je kasuwar Dandume ranar da take ci ku ga yadda ake ɗora mata buhu biyu, wani har uku, mahayin yana zaune kan tanki kamar an aje shi.

A nan ma'anar gwani ta rabu biyu, kuma a ganina nan ne asalin gardamar rumfar bakanike. Akwai gwanin aiki, mai ɗaukar buhu ya bi gargada bai zubar ba. Shi ba a yi mashi tafi, ba a ɗaukarsa a waya. Sai gwanin wasa, na ranar ɗaurin aure da kai amarya da ranar sallah da zuwan ɗan takara. Shi ne mai ɗaga gaba, mai sakin hannu, mai kwanciya kan sit ya miƙe ƙafafu, mai jan birki mashin ya juya ya tayar da ƙura. Yadda samarin da suka yi kilisa da doki, haka jikokinsu suke yi da mashin. Bambancin shi ne doki yana da ido, idan ya ga rami ko tirela zai kauce ko mahayin bai so ba.

Yanzu ga tambayar kanta, tunda na san ita kuke jira. Masu kallon gasar duniya ta MotoGP sun shekara ashirin suna wannan musun, kuma an taɓa gwada shi a fili. Valentino Rossi, ɗan Italiya, ya ci kambu uku a jere da Honda, 2001 zuwa 2003. Aka yi ta cewa mashin ne, ko wa aka ɗora a kai zai ci. Abin ya yi mashi zafi, ya tattara ya koma Yamaha, kamfanin da bai ci tsere ko ɗaya ba a 2003, rabonsa da babban kambu kuma tun 1992. Tseren farko na 2004, a Welkom ta Afirka ta Kudu, Rossi ya zo na ɗaya, ƙarshen shekara ya ɗauke kambun. Masu cewa hannu ne suka ce magana ta ƙare. To amma a 2011 shi wannan Rossin ya koma Ducati, ya yi shekara biyu cur bai ci tsere ko ɗaya ba. Hannun ya gudu ne?

Ga kuma Marc Marquez na Sifen. Ya ci kambu shida na babban rukuni da Honda, ya karye a hannu a 2020, aka yi ta yi mashi tiyata, mashin ɗin Honda kuma ya lalace har ya zama sai faɗuwa yake. Ya bar kwantiragin maƙudan kuɗi ya koma ƙaramar tawaga mai hawa Ducati a 2024, ya dawo cin tsere, a 2025 ya sake zama zakaran duniya. Masu cewa mashin ne za su ce kun gani, sai da ya canza. Masu cewa hannu ne za su ce to ai abokin tawagarsa Bagnaia, wanda shi ma ya ci kambu biyu, irin mashin ɗin yake hawa, me ya sa aka bar shi a baya?

Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, mashin ne ke yanka maka iyaka, kai kuma hannunka ne ke nuna ko za ka iya isa iyakar. Amma akwai mutum na uku da kullum ake mantawa. Da Rossi zai bar Honda bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da shugaban kanikawansa, Jeremy Burgess, da yaransa. Wato ya san abin da 'yan kallo ba su sani ba. Mu ma nan haka ne. Yaran nan biyu na hanyar Bakori, mashin iri ɗaya suka hau. Wanda ya saita kafireto, ya canza girman sifoket, ya san iskar da ta dace da taya, yana rumfa hannunsa duk baƙin mai, ba wanda ya ambaci sunansa.

Na huɗu kuma ita ce hanya, kuma a nan ne raha ke ƙarewa. Mashin ɗin MotoGP siisii 1000 ne, an taɓa auna ɗaya yana gudun kilomita 366 a awa a Italiya a 2023. Duk da haka za ka ga mutum ya faɗi a guje ya tashi ya kakkaɓe jiki. Dalili, rigar fata ce a jikinsa mai jakar iska a ciki, da hular kwano ta gaske, gefen hanya an bar fili da tsakuwa don ya gangara, likita na tsaye, kuma ba wanda ke tahowa ta gaba. Ko a Isle of Man da ake mutuwa, hanyar a rufe take. Mu fa? Mashin mai birkin ganga, taya ta sha faci, silifas a ƙafa, hular kai ma an cusa a aljihu kada iska ta ɗauke. Ku yi lissafi da ni. Mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 duk daƙiƙa ɗaya. Kafin idonka ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta gaya wa ƙafa ta taka birki, ka riga ka cinye wannan. Kuma idan ka ninka gudu biyu, nisan da za ka yi kafin ka tsaya ba biyu yake ninkuwa ba, huɗu ne. Wannan lissafin bai san gwani ba. A hanyar da tireloli ke bi dare da rana, da amalanken shanu, da shanyar masara a gefen kwalta lokacin kaka.

Ina da aboki da muka yi firamare tare. Duk unguwarmu ba wanda ya kai shi hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ranar kai amaryar wani abokinmu ya ɗaga gaba, yana sauke tayar sai ga yaro ya fito daga lungu. Ya kauce wa yaron, Allah Ya saka mashi, amma ya haɗu da kwalbati. An fara kai shi wajen mai ɗori saboda ba kuɗi, ƙafar ta ƙi, daga baya aka sayar da gonar gado aka kai shi asibiti. Yau yana nan da sanda yana sayar da katin waya. Da na ce mashi zan yi shiri a kan wannan, cewa ya yi, "Ka gaya masu na iya ɗin. Iyawar ce ta sa yaron yake raye." Na kasa ce mashi komai, don gaskiya ya faɗa.

Hukuma ta taɓa gwada gyara. Ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa. Waɗanda suka girme ni kaɗan za su tuna abin da ya faru: wasu suka kifa ƙwarya, wasu robar fenti, fasinjoji suka ce ba za su sa hular da wani ya cire ba, har da jita-jitar asiri. Cikin 'yan watanni maganar ta bi ruwa. Muna dariya idan an tuna, amma ku shiga ɗakin masu karaya a kowane babban asibiti ku tambayi me ya kawo yawancinsu.

Sai kuma babin da ya fi ɗaci. Ranar 19 ga Janairu 2013 aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur. Dubban matasa suka rasa sana'a rana ɗaya, wasu suka koma A Daidaita Sahu, wasu suka watsu garuruwa irin namu. Tun daga nan hukuma ta fara kallon babur da wani ido. A yankinmu kuwa ɓarayin daji ne suka ƙarasa ɓata mashi suna. Su ma fa sun yi tasu gardamar ta wane mashin ya fi, kuma ba mai gudu suka zaɓa ba. Sun zaɓi mai ƙarfi, mai ɗaukar mutum uku da makami ya bi yashi da duwatsu, har wani samfurin Honda jama'a suka laƙaba mashi suna Boko Haram. Daren 11 ga Disamba 2020 a kan babura suka zo makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai, 344 aka sako bayan kwana shida. Irin gwanintar da Kawu yake alfahari da ita, ta ratsa rafi da bin daji, ita ce aka juya aka yi mana ɓarna da ita. Wannan abin yana ci mani rai.

Martanin hukuma ya faɗa kan kowa. A Mayun 2019 sojoji suka hana hawa babur a dazukan jihohi bakwai har da Katsina. Ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Masari ya sa hannu a dokar da ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Funtua da Bakori da Malumfashi na ciki, kusan wata uku. Duk mun ga wannan da idonmu, mun hau mota zuwa wani gari don kawai mu kira waya. A Yulin 2022 ma gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babura a ƙasa baki ɗaya. Ban ce ba a da dalili ba, wanda aka kashe mashi ɗan'uwa ba zai tsaya jin lissafin ɗan acaba ba. Amma ɓarawon daji bai taɓa bin layin gidan mai ba, manomi ne ya bi. Kuma abin mamaki, da gwamnatin Dikko Radda ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, cikin kayan aikin da aka raba masu har da babura, don ba abin da ke shiga inda ɓarayin suke sai shi. Sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta ninka kusan uku cikin kwanaki. Yau ɗan acaba kafin ya haɗa balas na mai mashin ya zuba mai, rana ta yi tsaka.

To a irin wannan hali, idan yaro ya fasa salansa ya bi ta gaban shingen jami'an tsaro yana ɗaga gaba, ba kansa kaɗai yake jawo wa ba. Hujja yake miƙa wa masu son a hana gaba ɗaya, kuma ranar da aka hana, mai kai masara kasuwa ne zai kwana da yunwa.

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a kama su a yi ta duka. An yi dukan, an ƙwace mashina, an ci tara, ba a daina ba, don ƙuruciya ba ta jin bari. Mutanen Isle of Man ba hana tsere suka yi ba, hanya suka rufe suka sa doka. Mu da muke da filayen sukuwa da na idi da na ƙwallo, me zai hana ƙungiyar 'yan acaba da ta kanikawa da ƙaramar hukuma su ware rana, a shata fili, a ce ba mai shiga sai da hular kwano da takalmi, a raba rukuni gwargwadon girman inji, a ajiye motar asibiti? A sa har da gasar ɗaukar buhu a bi gargada, mu ga gwanin aiki shi ma an tafa mashi sau ɗaya. Wanda kuma ya yi a kan titi bayan an ba shi fili, to a hukunta shi da hujja. Na san za a ce ana fama da tsaro wa ke ta wasa. Amma yaran da ba a ba fili ba, ai ga su can suna yi a tsakiyar kasuwa.

Da ogan shagon ya gama ɗaure mani sarƙa, na ce, "Oga, kai ba ka sa baki ba. Mashin ne ko mahayi?" Ya goge hannu da tsumma, ya nuna mani bayan rumfa da haɓa. Mashina ne guda biyar a jingine, wani kan ya lanƙwashe, wani tankin ya lotse, ƙura ta rufe su. Ya ce, "Waɗannan duk na gwanaye ne. Biyu masu su za su zo su karɓa in sun warke. Ukun kuma magada nake jira." Sannan ya ce in kawo dubu ɗaya da ɗari biyar kuɗin aiki, kuma in dawo sati mai zuwa a duba birkin baya, don ya kusa cinyewa.